Wa'adin Kwana Bakwai

Firjin ya riga Zainul Abideen isa ƙasa. Ɗalhatu yana hawa na biyu da kwalin takalma a kafaɗa lokacin da ya ji ƙarar, ƙarfe yana dukan siminti matakala bayan matakala, sannan wani sauti mai taushi wanda ba na ƙarfe ba. Da ya leƙo sai ya ga Zainu kwance a kwanar matakalar, ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa. Bai yi ihu ba. Idonsa a buɗe yana kallon silin, gumi na gangarawa cikin kunnensa.

"Massa, firiji ya fashe?" Abin da ya fara tambaya ke nan, da Hausarsa ta mutanen Zongon Kumasi.

Firjin ya lotsa a gefe guda. Alhaji Mijinyawa, mai kamfanin kagon da ke jigilar kaya, ya fito daga ofishinsa na ƙasa da waya a kunne, shi ma firjin ya fara shafawa. Kada dai a zalunce shi, daga baya ya kira motar asibiti, har ya ce Allah ya sawwaƙe sau biyu.

Siton kamfanin a hawa na uku yake, cikin wani tsohon gini a unguwar Deira ta Dubai. Duk kayan da 'yan kasuwar Kano suka saya za a aika gida, can ake hawa da su a ɗaure, sannan a sauko da su ranar lodin kwantena. Akwai liftar kaya a ginin, amma wata biyar ke nan da ta tsaya cak. Tun daga lokacin mutum goma suka maye gurbinta da kafaɗunsu, a zafin garin nan da rigarka ke jiƙewa kafin ka gama ɗaure takalmi. In an yi wa Alhaji maganar gyara sai ya ce, "Inshallah, shwaiya shwaiya, a bi a hankali, ana jiran wani ƙarfe daga waje." Ƙarfen bai zo ba, kuma ba wanda ya ga alamar an aika neman sa.

Ɗalhatu ya ɗauki takalmin Zainu guda ɗaya da ya fita, ya ajiye shi a gefe don kada a taka. Bai ji tsoro ba, bai ji fushi ba. Abin da kawai ya zo masa a rai shi ne, wannan magana ta isa a rubuta ta.

* * *

Shi dama mutumin rubutu ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana sakataren ƙungiyar ma'aikatan wata masana'antar buhu a Sharaɗa, kafin ta rufe. 'Yar ƙaramar ƙungiya ce da aka rasa inda za a saka ta. Ƙungiyar masaƙu ta ce buhunsu roba ne, su nemi 'yan roba. 'Yan roba suka ce ai saƙa shi ake yi, su koma wurin masaƙu. Daga ƙarshe uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta ɗauke su kai tsaye, ba tare da kowa a tsakani ba. Wannan abu Ɗalhatu ya fi alfahari da shi a kan shaidar karatunsa. Takardarsa daga Sharaɗa sai Abuja, ba ta yada zango a teburin kowa.

A can ya koyi ƙa'ida, kuma ya riƙe ta kamar karatun sallah. Koken da ba sunaye takardar ƙosai ce. Dole a yi taro, a zaɓi shugaba, kowa ya sa suna da lambar katinsa ya dangwala yatsa. Shugaba ne ke sa hannu a ƙasan wasiƙa. Sakatare kuwa rubutu kawai ne nasa, ba ya jefa ƙuri'a, ba ya shiga jerin masu koke, domin kada a ce ya rubuta abin da ransa ke so. Da wannan tsari suka samo wa mutanensu takunkumin ƙura, suka samo fanka shida, suka mayar da wani direba da aka kora ba dalili. Ya zo Dubai ya zama ɗan dako, amma sakataren da ke cikinsa bai ajiye aiki ba, jiran ranarsa kawai yake yi.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya tara su a ɗakinsu na Al Muraqqabat, inda gadaje biyar masu hawa bibbiyu suka cinye wurin har sai mutum ya karkata kafin ya wuce. An sallamo Zainu, yana kwance a gadon ƙasa, ƙafarsa cikin farin siminti. Ɗalhatu ya kifa wani kwali ya mai da shi tebur, ya ɗora takarda biyu da ɗan gwangwanin tawada da ya saya a hanya.

"Abu na farko, za mu zaɓi shugaba," in ji shi.

Aka yi dariya. Salmanu, yayan matarsa Ummulkhair, ya fi kowa dariya. Mutum ne mai jiki da furfura a gemu, shekararsa hamsin da ɗoriya, 'ya'yansa bakwai a Ɗorayi. Ɗalhatu ne ya yi masa hanyar aikin nan shekara biyu da suka wuce, bayan Ummulkhair ta yi ta roƙo har ya rasa inda zai sa kansa.

"Sakatare ya tashi," in ji Salmanu. "To shugaban me? Shugaban gadaje?"

"Yaya, kai ne babba a cikinmu. Ba wanda ya cancanta sai kai."

Girmamawa ce ya yi, tsakaninsa da Allah. Ya so a ce surukinsa ya taɓa zama shugaban wani abu a duniya. Sauran suka ɗaga hannu suna tsokana, wani ya ce ranka ya daɗe ciyaman, Salmanu ya gyara zama yana shafa gemu, kana gani ka san abin ya yi masa daɗi.

Zainu ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗago kai daga matashi ya ce, "Massa Ɗalhatu, shekara tara nake garin nan. A nan ba ƙungiya, ba ciyaman. In kana da magana, ka rubuta ba suna, ka tura ta ƙasan ƙofa. Ko kowa ya je shi kaɗai ya roƙe shi. In kun haɗa kai a takarda, wallahi wani suna za a ba shi."

"Zainu, ba faɗa muka zo yi ba. Lifta muke so a gyara, shi ke nan. Takardar da ba suna ai ta matsorata ce, ko karanta ta ba za a yi ba."

"Ni dai ba na sa hannu."

"Don ƙafarka ake yin abin nan fa."

"Ƙafa ta riga ta karye, massa." Ya mai da kansa kan matashi.

Mutum takwas suka sa suna. Ɗalhatu ya karɓi katin shaidar kowa ya kwafe lambar daki-daki, tun da ba su da katin ƙungiya. Suka dangwala yatsa ɗaya bayan ɗaya, suna goge tawadar a jikin wando. Ya rubuta wasiƙar da Turanci, cikin ladabi, ya kira Alhaji uba, ya gode masa da ɗawainiya. Da ya zo ƙarshe hannunsa ya rubuta abin da ya saba rubutawa shekara goma sha ɗaya, ba tare da ya tsaya shawara da kansa ba: an ba da wa'adin kwana bakwai, in ba a gyara ba ma'aikata za su ajiye aiki. A Sharaɗa wannan layi kamar sallama yake a ƙarshen wasiƙa. Kowa ya san ba ranar ta bakwai ake tafiya yaji ba, ranar ake kiran ku a zauna a sha lemo. A ƙasa kuma ya ƙara cewa an aika kwafi ga uwar ƙungiya a Abuja.

Salmanu bai iya Turanci ba. Ɗalhatu ya fassara masa, ya gyaɗa kai, ya sa hannu da ajami a hankali, harshensa a tsakanin haƙora.

* * *

Ranar Litinin aka kai wa Alhaji takardar, kwana uku bai ce uffan ba. Ranar Alhamis da safe ya sa aka kira su ofis, su tara. Sanyin na'ura ya bugi jiƙaƙƙun rigunansu, suka jeru a jikin bango suka yi tsuru-tsuru. Takardar tana kan tebur, an danne ta da kwalbar turare.

"Ni kuka ba wa wa'adi," in ji Alhaji. Bai ɗaga murya ba. "Ni da na ɗauko ku daga inda kuke. Kun san abin da wannan layin na ƙarshe yake nufi a garin nan? Abokin hulɗata ɗan ƙasa ya gani. Cewa ya yi a kai maganar gaba, a ce ana haɗa yajin aiki a kamfani. Ni na roƙe shi, na ce 'yan'uwana ne, Musulmi ne, a rufa musu asiri. Don haka ba wanda zai kwana a hannun hukuma. Biza kawai za a soke, kowa in ba shi tikitinsa. Khalas, magana ta ƙare."

Ya ɗauki takarda ta biyu ya fara karanta sunaye. Bai sha wahala ba, komai a jere yake, suna, lamba, yatsa. Ɗalhatu ya ji ana karanta aikin hannunsa, ya lura ko kuskuren harafi ɗaya babu. Sunan Salmanu ne farko.

Aka sallame su. Ɗalhatu ya tsaya.

"Alhaji, ni na rubuta."

"Na sani mana. Wa ya iya wannan Turancin a cikinsu?"

"Ni na tara su. Yaya Salmanu ko karanta ta bai iya ba. Layin nan na wa'adi al'ada ce kawai ta wurinmu, ba wai da gaske..."

"Ɗalhatu, ba kai ne mai son ƙa'ida ba? To ni ma da takarda na yi aiki. Na duba sama da ƙasa, sunanka ba ya ciki." Alhaji ya jawo biro daga aljihu, ya ajiye shi a kan jerin sunayen, ya tura gabansa. "Ga fili nan a ƙasan na takwas. In kana ganin an bar ka a baya, ƙara."

Ɗalhatu ya dubi biron. Shuɗi ne, an ɗan tauna murfinsa. Ya tuna 'yarsa Khairunnisa da ke shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, ya tuna mahaifiyarsa da allurarta ta kowane wata. Tunanin bai zo masa da zafi ba, wucewa kawai ya yi ta gabansa kamar motocin da ke titi. Ya jira zuciyarsa ta ce masa wani abu, ba ta ce komai ba. Hannayensa na nan a gefensa, kuma a nan suka zauna.

Alhaji ya ba shi lokaci, har ya amsa wata waya ya gama. Sannan ya mai da biron aljihu.

"Yalla, tafi, akwai kaya a sama. Kai ka san lissafin kwalaye, ina buƙatar ka."

* * *

Da azahar ya tsaya a inuwar wani kanti ya kira Kwamared Abubakar Sadiq, jami'in da ke karɓar takardunsu a Abuja a wancan zamani. Mutumin ya gane muryarsa, ya yi murna ƙwarai, ya tambayi iyali.

"Na ga abin da ka turo ta waya. Wallahi rubutunka na nan yadda na san shi. Amma Kwamared, reshenku ai ya mutu tare da masana'antar. Ko da yana raye, Dubai ba ta cikin huruminmu. Wa za mu rubuta wa? Wa zai amsa mana?" Sai ya ƙara da cewa, "Wa'adin nan da ka sa, wa kake da shi a bayanka da ka sa shi?"

Ɗalhatu ya jingina da bangon kantin. A Sharaɗa in ya rubuta kwana bakwai, akwai ofis a Abuja, akwai lauya, akwai 'yan jarida, akwai dubban mutanen da bai taɓa gani ba tsaye a bayan layin. Ya ɗauko layin ya taho da shi, ya baro mutanen a can. Ya yi godiya, Kwamared ya ce Allah ya kawo mafita, suka yi sallama.

A ɗaki ba wanda ya zage shi, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Suna shigowa su wuce shi a karkace kamar yadda suke wuce gadaje. Zainu bai ce na faɗa maka ba, bango kawai ya juya wa fuska. Salmanu ne ma ya zauna kusa da shi ranar Asabar, yana ninke rigunansa cikin jaka.

"Ka daina wannan zugum ɗin, Sakatare. Abincinmu ne ya ƙare a nan."

"Yaya, ya ba ni biro."

"Na ji. Bello na gadon sama ya hango ta gilashi." Salmanu ya danna rigar da tafin hannu. "Da ka sa, da gida biyu ne ba abinci maimakon ɗaya. Ummu ƙanwata ce. Ka yi daidai."

Ya faɗi haka ba tare da ya dube shi ba.

Ummulkhair ta kira washegari. Matar Salmanu ta riga ta je mata da kuka, don haka ba labari take nema ba.

"Baban Khairu, an ce kai ka rubuta."

"Ni ne."

"An ce kai ka ce Yaya ya zama shugaba."

"Ni ne."

"Sunan kowa yana ciki?"

"Mutum takwas."

"Naka fa?"

Ya so ya yi mata bayanin ƙa'ida, cewa sakatare ba ya shiga jeri, haka tsarin yake tun asali. Maganar gaskiya ce, amma da ya auna ta a bakinsa sai ya ji ba za ta fita ba. Yana jin numfashinta, yana jin kukan akuyar maƙwabta a bayanta, wadda ya sani tun tana 'yar ƙarama.

"Ba ya ciki," ya ce.

Ya san lissafin da take yi, domin shi ma ya yi shi a gaban tebur: yayanta zai dawo hannu rabbana, mijinta zai zauna, makarantar Khairu ba za ta tsaya ba. Ya san ta ji sanyi a wani lungu na zuciyarta, kuma ba za ta yafe wa kanta jin sanyin ba, balle shi.

"To," in ji ta. "Ka ci abinci?"

"Na ci."

Bai ci ba. Ta ce ana kiran ta, ta kashe.

* * *

Cikin mako uku aka gama da su. Ɗalhatu ya raka rukunin ƙarshe tashar jirgin ƙasa na metro ta Al Rigga da rana tsaka, ya ɗaukar wa Salmanu jaka har bakin shingen shiga. Suka yi musabaha. Salmanu ya ce a gaishe da Zainu, ya ce kada ya manta ya kashe fanka in zai fita. Ɗalhatu ya tsaya har furfurar ta ɓace a cikin mutane, sannan ya koma bakin aiki, don awa ɗaya aka ba shi.

Kwana biyu bayan haka wasu makanikai biyu suka zo da akwatin kayan aiki. Ba wani ƙarfe da aka jira daga waje. Suka buɗe wani murfi, suka canja abin da bai fi tafin hannu ba, suka sha shayi, kafin azahar lifta tana hawa tana sauka. Alhaji ya ɗauki sababbin ma'aikata biyu kacal, wasu 'yan Nijar da ba su daɗe da zuwa ba. Da lifta mutum uku sun isa, har su sami lokacin zama.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji, yana wucewa. "Da kun yi haƙuri."

Da la'asar Ɗalhatu ya tura kwalaye goma sha biyu cikin liftar, ya shiga ya tsaya a gefensu. Kayan da a da sai mutum huɗu sun yi sawu uku-uku. Wayarsa ta yi motsi a aljihu, saƙon murya ne daga Kano. Ya danna ya kara a kunne.

"Sakatare, mun sauka lafiya, yara na gaishe ka. Na fara zuwa bakin kasuwa ko za a dace." Muryar Salmanu ce, ana jin ƙarar adaidaita a bayansa. "Na ce ba, liftar nan, an gyara kuwa? Ka gaya mini gaskiya. Ina so in san ko hannun da na sa ya yi wani amfani."

Ɗalhatu ya danna wurin amsawa ya riƙe.

"An gyara, Yaya."

Ya saki. Amsar ta dawo tun kafin ya mai da wayar aljihu.

"Alhamdulillahi. To ka ga takardarka ta yi aiki."

Ya danna maɓallin ƙasa. Liftar ta sauka sumul, ba ko girgiza, ba ta kai minti ɗaya ba. Ƙofa ta buɗe, ga motar lodi a waje, ga 'yan Nijar ɗin biyu zaune a kan baro suna jiran sa. Ya tsaya yana kallon su, su ma suna kallon sa. Ƙofar ta jira iya jiranta, ta rufe, ta bar shi a ciki tare da kwalayen.